Randunan da Suka Ƙi Naso

Ran kasuwar da ta wuce wasu samari biyu suka tsaya a bakin rumfata. Ɗaya ya ɗauki tulu ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce wa abokinsa, "Wannan ai laka ce da wuta. In na sami kwana biyu ni ma sai in gina." Ni ma da bakina na taɓa faɗin irin wannan magana, kuma a gaban wanda ya fi ni iyawa nesa. Tun da yanzu an koya mana riƙe alƙalami a ajin manya, na ce bari in rubuta musu yadda abin yake, su da ire-irensu.

Ni ban tashi cikin ginin tukwane ba. Noma na sani, in an gama girbi kuma in bi ƴan garinmu zuwa Kano cin rani. A can na yi dako a bakin kantin wani Kwara, Balaraben Labanan, kuma a nan na fara ganin tangaran: farantai farare fat da shuɗin fure a gefe, suna ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Wata rana wani kofi ya suɓuce ya fashe, na tsinci gindinsa na jefa a aljihu. Rani huɗu na yi ina wannan dako, sai baya ya fara ciwo. Lokacin Faransa na nan, saura ƴan shekaru a sami mulkin kai, ni kuma na riga na yi aure. Uwata ta ce, "Labo, ka je wurin ƙanena ka koyi abin da za ka yi kana gida." Ƙanen nata shi ne Kawu Nomau, maginin tukwane a gefen Matamaye ta hanyar Dungu.

Kawu gajere ne mai faɗin tafin hannu, kuma in ya yi magana goma a yini, to ranar ya yi surutu. Matarsa Inna Hajo ita ke yi musu maganar su biyu, ita ke kai kaya kasuwa. Ranar da na fara zuwa na ciro guntun tangaran ɗina na nuna masa, na ce, "Kawu, in ƴan Adam sun iya yin wannan, ai tukunya wasa ce." Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini abina, ya nuna mini dagi da mangala da jaki. Inna ta ce, "Tafi ka yi wasan, ɗan Kano. Ramin yana bayan fadama."

Haƙar yumɓu ita ce karatuna na farko. Ƙasar sama ba ta aiki, sai an ture ta an nutsa kamar tsayin mutum. Kawu zai gutsuri kaɗan ya sa a haƙori, in ya ji yashi ya yi yawa a bar wurin. In ya yi masa, sai ya murza shi a tafi ya naɗe a yatsa kamar zobe, ya duba ko ya tsage. A kawo gida a shanya, a daka, a jiƙa ya kwana, sannan a zuba a kan tsohuwar fatar shanu a hau da ƙafa. Ana zuba masa ƙaiƙayin gero da dakakken tsingaro, wato fasassun tukwane da aka mayar gari, don kada ya tsage a wuta. Wata biyar ban taɓa yumɓu da hannu ba sai da diddige. Kuma diddigen nan shi ne idonka. Tsakuwa ɗaya kamar ƙwayar wake in ta tsere maka, tana nan kwance a jikin tukunya har ranar toyi, sannan ta fashe ta tafi da maƙwabtanta biyu. Kawu yakan bi bayana ya taka sau uku kawai, ya sunkuya ya ciro tsakuwa, ya ajiye mini ita a kan gwiwa. Ba faɗa, ba zagi. Na tara su a sakaina har ta cika.

Tukunyar da na fara ginawa ta miya ce, kuma ba ta fita daga jikin uwarta ba. Uwa ita ce tsohuwar tukunya mai kyan siffa da ake kifewa, a barbaɗe ta da toka, a shimfiɗa mata yumɓu, a bi shi da ɗan katako mai faɗi ana bugawa har kaurinsa ya zo ɗaya. In ya sha iska sai a ɗaga, an sami gindi ke nan. Ni na manta da tokar. Na ja, na lallaɓa, na yi Bisimilla na sake ja, sai da na yage ta gida uku. Inna ta leƙo ta ce, "Nomau, zo ka gani, ɗanka ya ɗinka wa uwa hula." Daga gindi kuma sai a murza yumɓu kamar igiya a yi ta ɗorawa, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, ana kankare ciki da sakaina. Abin ba ya juyawa, kai ne ke kewaya shi da baya da baya, a sunkuye, har ka rufe kafaɗa ka tsai da wuya. Baki kuwa da jiƙaƙƙen tsumma ake fitar da shi, a zagaye ɗaya, ba tsayawa. In ka tsaya yin numfashi, wurin zai nuna har ranar da tukunyar za ta fashe. Na yi wata guda ina gina masu karkataccen baki, Kawu yana mayar da su cikin kwaɓi. Ku masu cewa kwana biyu, ku gwada kewaya turmi da baya a sunkuye daga hantsi zuwa azahar, sannan mu yi magana.

Masu saye su ne malamaina na biyu. Mai waina tana son tanda mai gurbi daidai, kada wani ya fi wani zurfi a ce ta yi son kai. Malam yana son butar alwala mai siririn baki wadda ba ta ɓarnar ruwa. Masu ginin soro suna zuwa neman indararo kafin damina. Mata kuwa ba wadda za ta ɗauki tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta a kunne ba: in ta yi ƙara garau lafiyayya ce, in ta yi a dushe akwai tsaga a ɓoye. Yawancinsu da gero suke saye a wancan zamani, a auna a zuba mana a taiki.

Babbarsu duka ita ce Kaka Sa'a, ƙanwar kakata, mai fura a bakin tasha inda kamiyo, manyan motocin gyaɗa, ke tsayawa. Tun ina yawo ba wando take ce mini maigida, ni kuma in ce mata amarya, wasan jika da kaka. In ta zo takan ce, "Maigida, har yanzu taka laka kake yi? Ni fa ba na zama da miji mai ƙafar agwagwa." In ce, "Amarya, ki ƙara haƙuri, in na ƙware zan gina miki haƙora." Amma a kan tukunya ba ta wasa. Abin da ta ce da kaya, shi matan unguwa uku ke bi.

Adon tukwane shi ne abin da hannuna ya fi saurin kamawa. Tun kaya na da ɗan danshi ake yinsa. A gangara guntuwar igiyar kaba a kafaɗa ta bar sawu kamar kitso. A ja layi da tsinke, a ɗiga da kan kara. Sannan a dama jar ƙasa ta yi kamar kunu a shafa, in ta sha iska a bi ta da guga. Inna da ƴaƴan kuka take yi, waɗanda aka shirya a zare, tana murzawa har jan ya ɗauki ido. Ni kuma na gano gindin kofin nan nawa ya fi komai santsi. In na ɗiga man gyaɗa kaɗan na bi da shi, sai wuri ya yi sheƙi. Na fara zana fure irin na farantan Kano. Inna ta ce ya fi kama da sawun kaza, amma ta bar ni.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Tukunyar miya da buta da kaskon turare, Kawu yakan bari a goge su tas daga baki har gindi. Amma randa da tulu, wuya da kafaɗa kawai ake yi wa jar ƙasa da guga, a bar tumbi da kaushinsa. In hannuna ya gangara ƙasa sai ya taɓa ni da yatsa ya ce, "Tsaya nan." Ban tambaye shi dalili ba. Na ɗauka randa ce ta yi girma, tsoho ba ya son ɓata yini a kanta.

Ranar toyi ba a gaggawa, ba a kuma zama. Matoyarmu fili ce a bayan gari. A shimfiɗa busasshen kashin shanu da itace, a kife manya a tsakiya, ƙanana a jikinsu, a toshe kafofi da tsingaro, a lulluɓe da kara da ciyawa. Sai la'asar, in iska ta lafa, ake sa wuta. Daga nan aiki ya koma na kunne. Duk "tau" ɗin da ka ji, aikin kwana biyu ne ya tafi. Kawu yakan tsaya da doguwar sanda yana gyara wuta, in an ji tau sai ya dube ni, ni kuma in dubi jaki. Tukwanen girki tun suna da zafi ake jawo su a yayyafa musu ruwan bagaruwa da tsintsiya, su yi duhu su toshe, kada miya ta bi jikinsu.

A shekarata ta uku ruwa ya ɗauke tun gero na fid da kai. Rumbunmu bai kai rabi ba. Ƙaiƙayi ma sai da muka bi gidaje muna roƙo, kara kuma masu dabbobi sun riga mu. Ga kwanukan ƙarfe masu fenti da ƴan cin rani ke ɗaukowa daga Kano, mata sun fara sa miya a langa sun bar kasko. Abin da ƙarfe bai iya ƙwace mana ba shi ne randa da tulu, don kwano ba ya sanyaya ruwa. A shekarun nan kuma azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Kowane gida yana son sabuwar randa kafin a ga wata. Kawu ya ce, "Randunan azumin nan su ne tuwonmu har kaka." Gida biyu ke ci a cikin wannan magana, nasa da nawa.

Saura kamar wata guda da rabi a fara azumi, gefen rami ya zubo wa Kawu a ƙafa. Allah ya taƙaita, ƙashin ƙwauri ne ya karye. Muka ɗora shi a kan takarkari zuwa wurin wani maɗori a Kurni, Inna ta bi shi jinya. Da za su tashi ya kira ni ya ce, "Ka ga yadda ake yi. Ka yi yadda ka gani." Inna ta ƙara da cewa, "Ka kuma riƙa ba jakin nan ruwa, ya fi ka daɗewa a sana'ar."

Ginin bai ba ni wahala ba. Ni da matata muka raba aiki, ita daka da jiƙo, ni taku da gini. Randuna da tuluna suka cika rumfa, bakinsu daidai, ba wadda ta karkace. Da na tsaya ina kallonsu sai na ce a raina, yau dai ba mai taɓa ni da yatsa. Na dama jar ƙasa mai kauri na shafe su daga wuya har gindi, na bari ta sha iska na sake shafawa. Na kawo man gyaɗa da gindin kofina na bi kowace ɗaya, tumbi da gindi, har sai na ga inuwar fuskata. Kwana tara na yi a kan guga kaɗai. Matata ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Kawu fa ba haka yake yi ba." Na ce, "Kawu bai je Kano ba." Da aka toya, na ga ruwan bagaruwa yana ƙara wa tukwanen miya kyau, na ce su randuna laifin me suka yi da za a hana su? Na yayyafa musu su ma.

Wallahi sun yi kyau. Har yau ba zan ce ba su yi kyau ba. Ja mai duhu kamar nunannen dabino, ga fure a kafaɗa, rana in ta sauka a kansu sai ta dawo wa mutum a ido. Ran kasuwa mutane suka kewaye ni har masu goro suna cewa na tare musu hanya. Wani farke ya tambaya ko daga Gabas aka kawo su. Ni kuma baki ya buɗe: "Ku zo ku ga randar zamani! Ba ta jiƙa ɗaki, ba ta tara kwaɗi a gindi!" Kaka Sa'a ta zo ta ƙwanƙwasa babbar cikinsu, ta yi ƙara garau. Ta zagaya ta sau biyu ta ce, "Maigida, ashe dai zan zauna." Da aka ji ta faɗi haka, kafin azahar ba sauran ko tulu ɗaya. Gero ya shiga rumbuna, na raba na kai na gidan Kawu. Kwana da kwanaki ina tafiya hula a karkace.

Ran uku ga azumi da hantsi, ina gyara mangala, na ji sallama irin wadda ba ta jiran amsa. Kaka Sa'a ce da moɗa a hannu, bayanta mata sun kai goma, waɗansu da tulunansu a ka.

"Maigida, miƙo hannunka."

Na miƙa. Ta tsiyaya mini ruwan moɗar a tafi. Ɗumi gare shi kamar an ɗauko daga bakin murhu.

"Daga randarka na ɗebo shi yanzu," in ji ta. "Haihuwa aka ce maka na yi, da za ka haɗa ni da ruwan wankan jego? Jiya da shan ruwa direbobi suka sha furata, ɗaya ya ce in ƙara masa sukari tun da shayi na koma sayarwa."

Matan suka fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Wata ta ce mijinta ya wuni a rana, ya kai moɗa baki ya ajiye, har yanzu bai ce da ita komai ba. Wata ta ce ita a ba ta geronta, ga tulu nan. Wata ta ce ai masu jakai daga Miriya za su zo ran kasuwa da randunansu, gara ta jira su. Na dubi rumbu. In geron nan ya fita, ba abin da zai kai gida biyu kaka. In kuma matan nan suka saba da kayan wani gari, Kawu zai dawo da sanda ya tarar ba mai yi masa sallama a ƙofa.

Na ce, "Ku ba ni zuwa faɗuwar rana." Sa'ad da na faɗi haka ban san abin da zan yi ba.

Kaka ta ce, "Zuwa kiran sallar magariba. In na sha na ji shayi, da kaina zan buɗe rumbun nan."

Na bi ta gida. A zaurenta randuna biyu ne a kan rairayi: tawa sabuwa tana ƙyalli, da wata tsohuwa ta Kawu mai ɓallen baki wadda ta mayar ta ruwan wanke-wanke. Na dafa tawa, a bushe take ƙayau, da ɗumi kamar bayan jaki. Na dafa ta Kawu, sai sanyi ya kama mini tafi. Tumbinta ya yi duhu da naso, rairayin da ke gindinta a jiƙe. Na bi ta da yatsa daga wuya zuwa ƙasa. Daidai inda santsi ya ƙare kaushi ya fara, daidai nan naso ya fara. Wurin da yake ce mini in tsaya ke nan.

Kowa a Matamaye ya san randa tana naso. Abin da ban sani ba, naso shi ne aikinta. Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan kafofin da ƙaiƙayi ya bari da ya ƙone, iska ta bi ta shanye shi ta tafi da zafin, kamar yadda gumi ke yi wa mutum. Ni kuwa na bi kafofin nan na toshe su da jar ƙasa da mai da bagaruwa, har ina shela a kasuwa.

Na ce, "Amarya, kina da guntun dutsen niƙa?"

"Fasa ta za ka yi?"

"Riga zan tuɓe mata."

"A'uzubillahi. A zaurena, da bakin azumi?" Amma ta shiga ta ɗauko.

Muka juye ruwan, na kwantar da randar a kan gammon tsumma tsakanin gwiwoyina, na fara gurza. Gasasshen yumɓu ba ɗanye ba ne. In ka danna da ƙarfi ka huda, in ka yi sako-sako dutse ya zame a kan santsi. Sai a hankali, zagaye-zagaye, ana yayyafa ruwa, har ƙyallin ya tashi ainihin jikin ya fito. Na bar wuya da kafaɗa da furensu, na bi tumbi da gindi. Abin da na yi kwana tara ina sawa shi nake cirewa, gumi na ɗiga a kai. Matan ba su tafi ba, suka zauna a inuwa suna ba ni shawara. Wata ta ce, "Ka tsallake wuri a can, ɗan Kano." Wata ta ce, "Da haka mazanmu ke riƙe dutse, da mun huta da niƙa."

Ana kiran azahar na gama. Yatsuna biyu sun sale. Muka wanke ta, aka cika ta da ruwan rijiya, na matsar da ita bakin ƙofar zaure inda iska ke ratsawa, na rufe da faifai. Na je na yi salla na dawo, tana nan a bushe. Na zauna na sa mata ido. Kaka tana cura fura tana cewa, "Kallonka ba zai sa ta gumi ba, maigida. Ni ma shekara nawa kana kallona ban yi ba." Can wajen la'asar na ga wani ɗigo ya yi duhu a ƙasan tumbi, kamar gumi a kan hanci. Sai wani kusa da shi. Kafin rana ta yi ja, duhun ya haɗe ya zagaye ta, rairayi ya fara jiƙewa. Amma naso daban, sanyi daban, kuma ba mai ikon ɗanɗanawa sai an kira salla.

Da ladan ya ɗaga murya zauren a cike yake, har da waɗanda ba su sayi komai ba. Kaka ta ɗaga faifai, ta nutsa moɗa, ta yi Bisimilla ta kurɓa. Ta riƙe a baki. Ta haɗiye. Ta sake kai wa baki, wannan karon har ta ga gindin moɗa.

"To?" in ji wadda ta ce a ba ta geronta.

"Ku dakata mana, ban gama bincike ba." Ta sake ɗebowa ta shanye. Sannan ta goge baki da gefen zane ta ce, "Bai kai na Nomau ba. Amma mai azumi zai sha ya gode Allah." Ta cika moɗar ta miƙo mini. "Sha, maigida, kafin ka faɗi a zaurena a ce ni na kashe ka." Ta juya wurin matan. "Ku bar masa geronsa. Kowace ta nemo dutse."

Goman farko ta azumin nan a zaurukan mutane na yi ta. A fito mini da randa ko tulu, in zauna in gurza, in wuce gida na gaba. Har Icirnawa na je bin wasu guda biyu da aka saya ran kasuwa. Ɗaya ta huje a hannuna, na gina wata na mayar. Wata mai ƙuli-ƙuli kuma ta hana ni taɓa tata, ta ce man gyaɗa ta zuba a ciki ko ɗigo bai fita ba, in ma da wata irinta tana so. Aka sa mini suna Mai Gurza, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba. Masu jakan Miriya sun zo sun sayar da abin da suka sayar, amma matan unguwanninmu ba wadda ta dawo mana da ko tulu ɗaya.

Bayan salla da kwana kaɗan Kawu ya dawo yana dogara sanda. Labari ya riga ya kai musu Kurni, don tun daga ƙofa Inna take cewa, "Ina Mai Gurza? A fito a gaishe mu." Kawu bai zauna ba sai da ya ɗingisa zuwa rumbu, ya sa aka ɗaga masa marfi ya leƙa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafa, ya ce a ba shi ruwa. Sabuwar randar da na ajiye masa a gida ma tana cikin waɗanda na gurza. Ya shanye moɗa guda, ya miƙa aka ƙaro.

Na ce, "Kawu, shekara uku muna tare. Don me ba ka taɓa gaya mini dalili ba?"

Ya ce, "Ka tambaya?"

Inna ta yi dariya har ta dafa bango.

Geron nan shi ya kai gidajenmu biyu kaka, da ɗan ƙarin rama da tafasa. Ni kuma daga ranar na shiga tambaya: don me toka, don me la'asar, don me wannan rami ba wancan ba. Kafin damina ta faɗi na ji shi yana ce wa Inna, da ya san haka zan dame shi, da ya yi zamansa a Kurni.